Asibitin Tumatir na Yaya

Yayata ba ta taɓa jefar da komai ba tunda na san ta. Kofin da hannunsa ya karye yana nan, tana zuba allurai a ciki. Kujera mai ƙafa uku tana nan, an tokare ta da bulo. Da abin ya tsaya a kan kofi da kujera da ban ɓata bakina ba, kowa da irin nasa. To amma Yaya ce ke renon dashen tumatir na duk layinmu, kuma mai renon dashe da ba ta iya yar da shuka mara lafiya ba, masifa ce mai zaman kanta.

Layin namu rumfunan leda ne a jere a bayan garejin manyan motoci, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Kowace rumfa doguwa ce, ƙarfe aka lanƙwasa aka lulluɓe da farar leda, a ciki tumatir ke bin igiya har ya fi mutum tsawo. Ni da maigidana muna da biyu. Ta Yaya ita ce ta farko in ka shigo layin, 'yar ƙarama, kuma a nan kowa ke karɓar dashe, wato 'yan tsiron da ake reno a cikin tire har su yi ƙwari a kai su ƙasa. Ba ta da wata sana'a sai wannan, ba ta da ɗa, ba ta da jika. Rumfar nan ce ke tashinta da safe. In mutanen layi suka daina karɓar dashenta, Yaya ta koma tsohuwa mai zaman ƙofar ɗaki, kuma duk wanda ya san ta ya san ba za ta jure wannan zama ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce ta ƙarshe, har yau da furfurata Auta take kirana. Mahaifiyarmu ta yi doguwar jinya, Yaya ce ta bar makaranta ta zauna da ita, ta iya juya mara lafiya a gado tun tana 'yar ficiciya. Ta yi aure, mijin direban babbar mota ne, mutum mai yawan dariya, ya fita wata tafiya aka dawo da gawarsa. Daga nan ta samu aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti, shekara da shekaru tana jan bokiti a tsakanin gadaje. Ba jinya aka ɗauke ta ba, amma ita ke ba tsofaffi ruwa a cokali, ita ke sanin wanda ya ɓoye abincinsa a ƙarƙashin filo bai ci ba. Da gwiwoyinta suka fara ƙi aka sallame ta, maigidana ya ce ta zo ta riƙa taya mu zuba iri, don dai ta samu abin yi. Kafin a je ko'ina ta fi mu iyawa.

Ko da haushinta nake ji dole in faɗi gaskiya, hannun Yaya yana da albarka. Dashenta gajere ne, kara da kauri, saiwa fara tas ta cika ramin tire. Ka dasa shi da yamma, da safe ka same shi a tsaye kamar a nan aka haife shi. Ta san kowane tire da mai shi. Takan bi layi bayan dashe tana leƙa rumfuna, tana tambaya, "Yaya yarana?" Ba 'ya'yan mai rumfar take nufi ba, kuma kowa ya sani.

A ƙarshen rumfarta ta rataya labulen buhu, bayan labulen nan ne asibitin yake. Da farko 'yan dashen da suka fito a karkace ne, irin waɗanda kowane mai reno ke tsinkewa ya yar ba tare da ya waiwaya ba. Yaya ta ce ai su ma rai gare su, ta ware musu benci. Da labari ya bazu sai mutane suka fara kawo nasu. Wanda tumatirinsa ya yi yaushi sai ya tono shi da ƙasarsa, ya sa a tsohon bokitin fenti ya kawo wa Likita. Sunan da suka laƙaba mata ke nan, da zolaya aka fara, daga baya har ta soma amsawa. Matan unguwa suka shiga kawo furannin tukunya da suka ƙi lafiya. Wani bawan Allah ya kawo barkono ba ganye ko ɗaya a jikinsa, sanda ce kawai a cikin gwangwani, Yaya ta karɓa da hannu biyu ta ce a ba ta lokaci.

Magani kuwa ba ta saye. Duk wanda ya gama feshi, ɗan guntun da ya rage a gindin kwalba sai ya miƙa mata, ya huta da neman inda zai zubar. Ta jera kwalaben a kan katako, mai jan murfi, mai kore, mai shuɗi, wasu takardar jikinsu ma ta goge. Da murfin gorar ruwa take awo. Inda aka ce a sa cikakke sai ta sa rabi, wani lokaci ɗigo kawai, ta zuba a 'yar kwalbar da ake fesa wa kayan guga ruwa. Kullum safiya sai ta bi marasa lafiyarta ta fesa musu, yau ja, gobe kore.

Na ce, "Yaya, takardar jikin kwalba ba haka ta ce ba."

Ta ce, "Takarda ta san jariri? Ke in ɗanki ba shi da lafiya, maganin babba kike ɗura masa?"

"Tumatir ne fa, Yaya, ba ɗan mutum ba."

"To ki je ki gaya masa."

Haka hirarmu ke ƙarewa kullum. Kuma ba ta ɗaga gefen leda kamar yadda kowa ke yi don iska ta ratsa, wai kada sanyi ya kama su. In ka shiga da safe sai ka ji raɓa na ɗiga daga sama a kan wuyanka, kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Na yi magana har bakina ya gaji. Yaya tana da wani irin murmushi da take wa mai ba ta shawara, irin wanda ake wa yaro in yana ba da labarin mafarkinsa.

Fumfuna ba baƙuwarmu ba ce. Duk mai tumatir a rumfa ya san wannan mai ruwan tokar, abokiyar damshi da iskar da ba ta motsi. Tana shiga ta inda aka yanke ganye, ko ta busasshen furen da ya manne a jikin ɗa. Wurin zai yi duhu, ya yi laushi, sai wani gashi-gashi toka-toka ya rufe shi. In ta zagaye kara, duk abin da ke sama da wurin ya mutu, ko da ya ɗauko 'ya'ya har reshe na lanƙwasa. Amma a da in ta leƙo, a yanke wurin, a fesa, a ɗaga leda, shi ke nan an wuce wurin.

Shekarar da abin ya lalace, damshi ya shigo kamar kullum, fumfuna ta leƙo kamar kullum. Maigidana ya goya tankin feshi ya bi layi-layi. Bayan 'yan kwanaki ya sake bi. Fumfuna ko a jikinta. Inda ya fesa jiya, yau ta ƙara gashi. Maigidana mutum ne mai sanyi, amma ranar ya ɗauki kwalbar ya nufi shagon magani, na bi shi don kada a yi abin kunya.

Ya dire kwalbar a kan kanta ya ce, "Ruwa ka sayar min."

Mai shago ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske. Ya ce, "Haba maigida, da hatimin kamfani na ba ka, kai ka ɓalle da hannunka. Wannan dai ka saba sha, a'a, ka saba saye, shekara nawa?"

"Shi ya sa na san ba shi ba ne. Wancan in na fesa sai ta bushe. Wannan kamar taki nake zuba mata."

Mai shago ya rantse har muryarsa ta dushe, sannan ya ɗauko wani mai koren murfi ya ce wannan ba ya barin ko ɗaya. Muka kai, muka fesa, ya bar duka. Maƙwabcinmu Dogo, wanda rumfarsa ke jikin tamu, ya ce ai ƙarfin magani ne ya yi kaɗan, ya ninka awo. Ganyen tumatirinsa ya ƙone ƙurmus, fumfunar tana nan a kan kara daram. Kafin wata ya ƙare ba rumfar da ba ta kamu ba. Da safe in ka bi layi ba ka jin komai sai ƙarar almakashi da tsaki.

Shugaban ƙungiyarmu ta masu tumatir ne ya kira malamar gona. Ta zo, matashiya siririya da takalmin roba, da 'yan tsinkaye masu auduga a kai, kowane a cikin kwalbarsa. Ta bi rumfa-rumfa tana shafa audugar a jikin fumfuna tana rufewa. Ta tambaya ina muke samun dashe, duk hannaye suka nuna wuri ɗaya. Ni na raka ta, ba da son raina ba, don na san abin da ke bayan buhun nan ko da ban san sunan laifinsa ba.

Ta yaba dashen, har ta zaro ɗaya ta duba saiwa ta jinjina kai. Yaya sai faɗaɗa murmushi take. Sai idon malamar ya kai kan labule.

Ta ce, "Mama, nan fa?"

Yaya ta ce, "Marasa lafiya ne, 'yata. A shiga a hankali."

Malamar ta ja buhun. Ta ga bokitai a jere har ƙarƙashin benci, ta ga kwalaben a kan katako. Ta sa bakin alƙalaminta ta ɗan taɓa wani tumatir da fumfuna ta yi wa riga. Wani siririn hayaƙi toka-toka ya tashi, muna kallo ya haura saman labule, ya sauka a hankali a kan tiren dashen da za a raba wa mutane. Malamar ta tsaya cak tana bin hayaƙin da ido. Yaya ta ga haka, ta ɗauka gajiya ce, ta jawo mata kujera.

Da malamar ta dawo bayan wani lokaci, akwati ta riƙo, a ciki 'yan farantan gilashi masu murfi. Aka taru a ƙarƙashin rumfar da muke tara kwanduna. Ta ce kowane faranti an zuba masa abincin fumfuna an gauraya da magani iri ɗaya, sannan aka ɗiga fumfunarmu a tsakiya. Ta jera su a kan tebur. Faranti bayan faranti, duk fumfuna ta rufe su ruf kamar gashin kyanwa.

Ta ce, "A cikin dubun-dubatar ƙwayoyin fumfuna akwai 'yan kaɗan da magani ba ya kashewa da sauƙi. In ana fesa magani iri ɗaya a kai a kai, ga shi a tsinke, ga shuka ta riga ta kamu, raunana ne ke mutuwa. Masu taurin kai su rage, su hayayyafa. In aka canza wani maganin, a cikin 'ya'yansu a sake tacewa. Taku ta haɗu da kusan duk maganin da ake sayarwa, ta saba da su. Kuma kowane tire da ya fita daga rumfar can ya fita da ita."

Dogo ya ce, "Wato makaranta aka buɗe mata."

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, idanu suka koma kan Yaya a kaikaice. Ni kuwa sai na ji wani haushin ya danne na farko. Su wa suka kai mata bokitan? Su wa suka riƙa miƙa mata guntun magani don ƙiwuyar haƙa rami? Dogon nan da ke magana, bokitinsa nawa ne a bayan labulen? Yanzu kowa ya naɗe hannu yana kallon tsohuwa kamar daga sama abin ya faɗo.

Malamar ta ɗaga faranti na ƙarshe, shi kaɗai ne fes. Ta ce wannan ne maganin da ya rage mana, sabo ne, bai taɓa shiga layinmu ba. A yi shi da cikakken awo, sau ɗaya ko biyu a kaka, sauran aikin a bar wa iska da almakashi. Ta ce in ya shiga bayan labulen nan ana ɗiga shi kullum, shi ma za mu rasa shi. Duk abin da ke asibitin a sa a leda a ɗaure a ƙone, a wanke rumfar, a rufe ta har zafi ya gasa cikinta, kada dashe ya fita daga can sai bayan haka.

Yaya ta miƙe, ta gyara mayafinta. Ta ce, "'Yata, na gode, kin yi ƙoƙari. Amma ni a asibiti na tsufa, ban taɓa ganin an ƙone mara lafiya don ya ƙi warkewa ba." Ta fita abinta. Da yamma na ga ta sa wa rumfarta kwaɗo.

Na roƙa, na yi faɗa, na tura maigidana wanda take jin kunyarsa, ta ba shi shayi ta sallame shi. Na ce mata, "Yaya, in kika ƙone yanzu da hannunki, mutane za su huce, baɗi su dawo. In kika ja, wallahi za su nemi wani wurin." Ta ce mutane ba sa manta alheri. Ban san a wace duniya Yaya ta yi shekarunta ba.

Ƙungiya ta sayo sabon maganin aka raba, namu na kulle shi a ɗakin ajiya tare da taki da igiyoyi. Wata safiya ina ciki ina kwance igiya sai na ji inuwa a ƙofa. Yaya ce, da murfin gorarta a hannu.

Ta ce, "Auta, ɗan ɗigo za ki sam min."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Ɗigon me?"

"Sabon nan. An ce yana ji. Akwai wasu da suka fara ɗagowa, in suka samu ɗan taimako..."

"Yaya, ba kya wurin ne da malama ta yi bayani?"

"Ina wurin. Ai ta ce yana ji."

Duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnen Yaya ke nan. Na ajiye igiya, na kama hannunta, na ja ta zuwa rumfarmu ta biyu wadda ta fi kamuwa. Na ce ta duba. Tumatir ne a rataye a igiya, kawunansu sun faɗo, 'ya'ya kore shar sun ruɓe daga wuya suna zubewa ƙasa. Dashenta ne duka, ita ta zuba irinsu, ita ta miƙo min tiren. Ta bi layin a hankali tana dafa gwiwa, tana tsayawa a kan kowane. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ce a raina alhamdulillahi, yau dai ta gane.

Ta juyo ta ce, "Tono min waɗannan biyun, in gwada."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce mata jinyarta ce ta kashe su. Na ce tausayin da ba ya jin magana mugunta ce da ta sha ado. Na ce abincin gidana ne ke zubewa a ƙasan nan, da na Dogo, da na matar da ke ƙarshen layi mai marayu, duk don kada a ƙone sanda a cikin gwangwani. Maigidana ya leƙo ya koma. Har yau ban janye ko kalma ɗaya ba, duk gaskiya ce. Yaya ta saurare ni har na gama, ta ce, "To ba za ki bayar ba ke nan," ta fita da murfinta.

Ashe ba gida ta nufa ba. Daga bakin rumfarmu ina kallonta tana bin layi, ƙofa-ƙofa, da murfin gora. Wannan ya ce ai nasa ya ƙare, alhali bai ko ɓalle hatimi ba. Wancan ya yi kamar bai ji sallama ba. Da ta isa ƙofar Dogo ta sa hannu za ta ɗaga ledar kamar yadda ta saba, sai ya fito da sauri ya tare hanya.

Ya ce, "Likita, don Allah tsaya daga nan."

Ta ce, "Yaran kawai zan gani."

"Na sani. Amma kayan jikinki... malama ta ce tana bin tufafi. Ki yi haƙuri, daga nan ma ina jin ki."

Yaya ta dubi rigarta, ta dubi hannunta, ta ja da baya. Na so in ɗauki dutse in jefi Dogo, ga shi kuma gaskiyarsa ce. Abin da ya fi ƙona min rai a wannan shekara ke nan, kowa da gaskiyarsa, sai 'yar'uwata kaɗai. Ta tsaya a tsakiyar hanya jim, sannan ta juya. Ba ta ƙarasa sauran rumfunan ba.

Washegari na tarar ta buɗe kwaɗo, ta mirgino tsohon durom bakin hanya, ta hura wuta a ciki. Ta samo ledoji tana sa wa kowane bokiti daga sama a hankali, kamar yadda malama ta ce, don kada ƙurar ta tashi, ta ɗaure, ta ɗauko a ƙirji. Na zo zan taya ta, ta ce, "Kada ki shigo, za ki kai wa naki." Maigidana ya kawo baro, ta ce ya ajiye daga nesa. Ita kaɗai ta yi ta kai da kawowa da gwiwoyin nan nata har rana ta take. Barkonon nan na cikin gwangwani shi ma ya tafi. Da wuta ta ci ta cinye, ta koma ta kwashe dashen da ke kan benci, tire bayan tire, lafiyayyu a ido, ta ƙara a kai. Mutanen layi suna leƙe daga ƙofofinsu, ba wanda ya ce mata sannu.

Wankin rumfar kuwa, wannan fagenta ne. Ta goge benci, ta goge ƙarafa, ta goge ledar daga ciki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, har tsakanin katako ta bi da tsohon burushin haƙori. Malamar gona da ta zo dubawa ta ce ba ta taɓa ganin rumfar da aka wanke haka ba. Aka rufe ta ruf aka bar wa rana. Yaya ta koma ɗakinta ta fito da gwangwanayen iri tana tsincewa, tana lissafa wa zai so wane iri baɗi. Ta ɗauka tunda ta yi abin da aka ce, komai zai koma yadda yake.

Ba ta san shugaban ƙungiya ya riga ya yi magana da wani babban gidan reno a wani gari ba, tun lokacin da kwaɗo ke ƙofarta. Sun ce za su riƙa kawo dashe da mota har bakin layi, kuma ba na kaka ɗaya aka ƙulla ba. Na je na same shi, na ce ai ta ƙone, ta wanke, me kuma ake so? Ya ce, "Ai ba a manta da Likita ba, nan gaba in Allah ya yarda." Na san irin wannan nan gaba, ba ta zuwa.

Mu dai rabin rumfa ɗaya muka tsira da shi a kakar, da almakashi da ɗaga leda da feshin nan guda. Lokacin dashe ya zagayo, rumfar Yaya ba ta gama wa'adin rufewa ba, ƙasa kuma ba ta jiran kowa. Dole ni ma in karɓa daga motar. Maigidana ya ce in bi ta baya, ta gefen kwata, kada ta gani. Na ce baro ba ya bin kwata, kuma ni ba sata na yi ba. A gaskiya cika baki ne kawai, kaina a sunkuye na turo baron nan.

Tana zaune a ƙofar rufaffiyar rumfarta, inda take zama yanzu daga safe har rana ta yi zafi, ba don tana da abin yi a wurin ba. Mutane suna wucewa da tirensu, wannan ya kau da kai, wancan ya yi gaisuwar nesa ya ƙara sauri. Da ta hango ni ta miƙe da ƙyar.

Ta ce, "Tsaya in gani."

Na tsaya. Ta matso, ta mayar da hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta sunkuya a kan tiren. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Sun yi tsawo da yawa, an cika musu ruwa. Ki binne karan sosai in za ki dasa."

Na ce, "To, Yaya."

"Kada ki shayar da yamma."

"To."

Ta ƙara sunkuyawa. Ta nuna da haɓa, hannunta na nan a baya. "Wancan na kusurwa, layi na biyu. Duba gindinsa."

Na duba. Wani ɗan duhu ne a jikin kara, da ƙyar ido ke kama shi, da ni kaɗai ce da na dasa shi ban sani ba. In ban da wannan tabo, ɗan tsiron a tsaye yake da ganyensa kore, irin wanda 'yan kwanaki a kan benci za su iya tayar da shi, ko kuma a'a. Na ji numfashinta a gefen kunnena.

Ta ce, "Cire shi."

Na zare shi da 'yar ƙasarsa, na riƙe a tafin hannu. Na ce, "Ina zan sa?"

Ta riga ta juya tana laluben kujerarta. Ta ce, "Kada ki gaya min."